TAƘAITACCEN TARIHIN AMIR ABDULƘADIR AL-JAZA'IRI, GWARZON ƘADIRIYYA MA'ABOCIN AZAMA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya zaɓi wasu daga cikin bayinSa Ya haɗa musu ilimi da aiki, da tsoronSa da ƙarfin zuciya. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Yardar Allah ta ƙara tabbata ga Shugaban Waliyyai, Sidi Abdulƙadir Jilani, wanda domin tunawa da shi ake yin wannan taro mai albarka a kowace shekara.

Bayan haka, daga cikin manyan mazajen da ɗariƙar Ƙadiriyya ta raina a ƙarni na goma sha uku na Hijira akwai Amir Abdulƙadir ɗan Sidi Muhyiddin, mutumin ƙasar Aljeriya, malami, mujahidi, arifi, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana fafatawa da rundunar Faransa, sa'an nan ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a birnin Dimashƙu na ƙasar Sham. Ya yi zamani da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mazhabarsu ɗaya ta Imamu Malik, ɗariƙarsu ɗaya. Garin Tilimsan da ya shiga ƙarƙashin mulkinsa kuwa shi ne mahaifar Shaihu Magili, wanda ya ziyarci Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Halin da ya fi fitowa fili a rayuwar wannan bawan Allah shi ne azama, wato yanke hukunci a kan kari da tsayawa a kansa. Alƙur'ani Mai girma, a cikin Suratu Ali Imrana, ya jera wa shugaba abubuwa uku: shawara, sa'an nan azama, sa'an nan dogaro ga Allah. Shugabanni da yawa sukan riƙe ɗaya su saki biyu. Wani ya yi ta shawara har dama ta wuce shi, wani kuma ya afka ba tare da ya tambayi kowa ba, ya jefa jama'arsa cikin halaka. Amir Abdulƙadir ya haɗa ukun, kuma sau da dama ya tsaya a mararrabar da rayukan dubban mutane suka rataya a kan hukuncin da zai yanke.

ASALINSA DA TASHINSA

An haife shi a shekarar 1808 Miladiyya a ƙauyen Ƙaiɗana, kusa da garin Mu'askar a yammacin Aljeriya. Gidansu gidan sharifai ne, nasabarsu tana tuƙewa ga Sayyidina Hasan (R.A.). Mahaifinsa Sidi Muhyiddin shi ne jagoran Ƙadiriyya a wannan yanki, mai zawiya wadda ɗalibai da matafiya da masu neman a sasanta su ke cika ta dare da rana. Mahaifiyarsa Lalla Zahra kuwa mace ce mai ilimi da tsentseni. A irin wannan gida ya buɗe ido, ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya karanci fiƙihu da nahawu da hadisi a wurin mahaifinsa, daga bisani aka tura shi garuruwan Arziyu da Wahran domin ƙarin karatu. Har ila yau tun yana matashi ya yi suna wajen hawan doki da juriyar tafiya mai nisa.

A wancan zamani Turkawa ke mulkin Aljeriya, kuma gwamnansu na Wahran yana ɗari-ɗari da farin jinin Sidi Muhyiddin, har ya tsare shi na wani lokaci sa'ad da ya yi niyyar aikin Hajji. Da aka ba shi hanya sai ya tafi tare da ɗansa Abdulƙadir, wanda a lokacin bai cika shekara ashirin ba. Suka bi ta Tunis da Masar, inda saurayin ya ga irin gyaran da Muhammadu Ali Basha ke yi wa soja da tsarin mulki, ya ajiye abin a zuciyarsa. Bayan sun sauke farali sun ziyarci Madina, sai suka wuce Dimashƙu, daga can suka isa Bagadaza, suka ziyarci makwancin Shaihu Abdulƙadir Jilani, suka sabunta riƙon ɗariƙa a hannun zuriyarsa. Sun dawo gida ana saura ɗan lokaci kaɗan masifa ta sauka a ƙasarsu.

ZUWAN FARANSAWA DA MUBAYA'A

A watan Yuni na shekarar 1830 Faransa ta sauke soja kimanin 37,000 a gaɓar tekun Aljeriya, kuma ranar 5 ga Yuli mai mulkin birnin Aljaza'ir ya miƙa wuya. Nan da nan mulkin Turkawa ya rushe, a farkon 1831 kuma Faransawa suka shiga Wahran. Ƙasa ta zama ba mai tsawatarwa, ƙabilu suka koma wa tsohuwar gabarsu, hanyoyi suka yanke, kasuwanni suka mutu. Mutanen yamma suka nemi agajin Sarkin Maroko Maulaya Abdurrahman, ya aiko wakilinsa Tilimsan, amma da Faransa ta matsa masa lamba sai ya janye. Daga nan idanu suka koma kan Sidi Muhyiddin. Dattijon ya jagoranci jama'a wajen kai hare-hare a kan Wahran cikin shekarar 1832, kuma a nan ne jarumtakar ɗansa ta bayyana ga kowa. Da shugabannin ƙabilu suka matsa masa ya karɓi ragamar mulki, sai ya kawo uzurin tsufa, ya nuna musu Abdulƙadir.

Saurayin yana da shekara ashirin da huɗu, zuciyarsa ta fi karkata ga littafi da zikiri, ba shi da baitulmali, ba shi da rundunar da za a dogara da ita, ga shi kuma zai tunkari ɗaya daga cikin ƙasashe mafi ƙarfi a duniyar wancan lokaci. Duk da haka bai yi inda-inda ba, domin ya fahimci cewa barin al'umma ba shugaba ya fi kowane haɗari muni. Ranar 27 ga Nuwamba 1832, daidai da 3 ga Rajab 1248 Hijiriyya, aka yi masa mubaya'a a filin Garis, ƙarƙashin wata itaciya da mutanen wurin ke kira dardara, abin da ya tuna wa mahalarta mubaya'ar sahabbai a Hudaibiyya. Ya gindaya musu sharaɗi tun a ranar, cewa da Littafi da Sunna zai yi hukunci, ba sani ba sabo, ko da a kan ɗan'uwansa ne na jini. Mahaifinsa ne ya fara ba shi hannu, ya yi masa laƙabi da Nasiruddin. Bai yarda a kira shi Sultan ba, ya tsaya a kan sunan Amir, aka ci gaba da ambaton Sarkin Maroko a huɗuba, domin kada a buɗe ƙofar jayayya tsakanin Musulmi. A watan Fabrairu 1833 aka yi mubaya'a ta gama-gari a masallacin Mu'askar, kuma cikin wannan shekara Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa.

TSAKANIN YAƘI DA SULHU

Abu na farko da Amir ya lura da shi shi ne, Faransawan da ke zaune a garuruwan bakin teku suna samun abinci da dabbobi daga hannun ƙabilun da ke kewaye da su. Sai ya hana cinikayya da su, ya tsananta hukunci a kan wanda ya saɓa. Yunwa da takura suka sa kwamandan Wahran, Janar Demishel, ya ƙulla yarjejeniya da shi ranar 26 ga Fabrairu 1834, wadda ta amince da ikonsa a kan cikin ƙasar yamma, ta kuma ba shi damar sayen makamai da albarushi. Amir bai ɓata wannan dama ba. Ya kafa soja na dindindin mai albashi da kaki da horo, wanda ya ƙunshi dakaru da barade da masu igwa, domin ya san mayaƙan ƙabila sukan watse idan lokacin girbi ya zo. Ya soke fifikon da Turkawa suka ba wasu ƙabilu a kan wasu, ya tsayar da zakka da ushira a kan kowa. Wannan gyara ya jawo masa gabar waɗanda suka saba cin gumin talakawa, har wasunsu suka koma ɓangaren Faransawa, amma bai janye ba.

A dalilin waɗannan ƙabilu ne yaƙi ya sake ɓarkewa a 1835. Janar Tirezel ya fito daga Wahran da rundunarsa, aka yi karon farko, sai ya juya zai nufi Arziyu. Amir ya hango cewa dole rundunar ta bi ta wata matsattsiyar hanya tsakanin tuddai da fadamar kogin Maƙɗa'a. Ba tare da jinkiri ba ya umarci barade kowa ya goyo dakare guda a bayan dokinsa, suka yi sukuwa suka riga Faransawa isa wurin, suka kama tuddan. Ranar 28 ga Yuni 1835 rundunar Tirezel ta faɗa tarkon, ta yi asarar ɗaruruwan soja da kayan yaƙi masu yawa. Labarin ya girgiza birnin Faris.

Faransa ta dawo da ƙarfi domin ɗaukar fansa. Da rundunar Marshal Kulozel ta tunkaro Mu'askar a watan Disamba na wannan shekara, Amir ya ga cewa tsayawa kare gari a gaban manyan igwogi asarar rayuka ne kawai, sai aka fice daga garin, abokan gaba suka tarar da shi kusan kango, suka cinna masa wuta suka koma. A watan Yuli 1836 kuma ya gwabza da Janar Bijo gaba da gaba a bakin kogin Sikkak, aka ci shi da yaƙi. Ya ɗauki darasin wannan rana, daga nan ya koma ga yaƙin sunƙuru, na kai hari ba zato da ɓacewa kafin a farga, wanda ya dace da ƙasarsa da irin dawakinsa.

A shekarar 1837 Faransawa suka sake neman sulhu, domin suna son su mayar da hankali kan garin Ƙusanɗina a gabas. Da yawa daga cikin mayaƙan Amir ba su so ba, suna ganin sulhu da mai mamaya rauni ne. Shi kuwa ya san jama'a sun gaji, kuma daular da yake ginawa tana buƙatar numfashi. Al'adarsa ce idan al'amari ya yi nauyi ya nemi hukuncin Shari'a, kamar yadda ya aika da tambayoyi ga malaman birnin Fas game da jihadi da harajin yaƙi da hukuncin masu taimakon abokan gaba, Shaihu Aliyu Tasuli ya ba da amsa a rubuce. To, a wannan karon ma ya tara malamai da shugabannin ƙabilu, aka tattauna, aka ji ta bakin kowa, sa'an nan ya yanke hukunci. Ranar 30 ga Mayu 1837 aka ƙulla yarjejeniyar Tafna, wadda ta bar masa kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar.

Shekara biyu da rabi na wannan sulhu su ne mafi albarka a mulkinsa. Ya raba ƙasa zuwa yankuna takwas, kowanne da halifa, ya naɗa alƙalai masu albashi daga baitulmali. Ya gina jerin garuruwa masu ganuwa nesa da bakin teku, babbansu shi ne Tagdamt, inda ya kafa gidan buga kuɗi ya kuma tara littattafai. An buɗe maƙerar makamai a Milyana da ta igwa a Tilimsan, an tanadi hatsi a rumbunan ƙarƙashin ƙasa domin ranar tsanani. Shi kansa kuwa tufafinsa na ulu ne irin na sauran jama'a, abincinsa kaɗan, kuma bai ɗauki dukiyar baitulmali tasa ba.

A wannan lokaci ne kuma aka sami saɓani tsakaninsa da mahukuntan garin Ainu Madi, gidan zuriyar Shaihu Ahmadu Tijjani (R.A.), waɗanda ba su shiga ƙarƙashin mulkinsa ba. A 1838 ya yi wa garin ƙawanya kusan rabin shekara, aka ƙare da sulhu, mutanen garin suka fita da rayukansu. Saɓani ne a kan sha'anin mulki, kuma ya ci masa lokaci da dukiya a daidai sa'ad da yake buƙatarsu domin shiri. Wannan ya isa tunatarwa cewa azamar ɗan Adam, komai girman mai ita, tana iya dacewa tana iya kuskurewa. Allah Ya yarda da su baki ɗaya.

SHEKARUN TSANANI

A watan Oktoba 1839 wata rundunar Faransa, tare da babban ɗan sarkinsu, ta ratsa ta mashigin duwatsun Biban, cikin ƙasar da Amir ke ɗauka tasa ce bisa yarjejeniya. Ya tara majalisarsa, ra'ayi ya haɗu a kan komawa fagen fama. Amma kafin a harba harsashi ko ɗaya sai da ya rubuta wa gwamnan Faransawa ya sanar da shi cewa sulhu ya ƙare, domin Shari'a ta hana yaudara ko da a kan abokin gaba. A watan Nuwamba aka koma yaƙi.

A 1841 Bijo ya dawo a matsayin babban gwamna, da sabuwar dabara ta ƙona gonaki, da sare itatuwa, da kwashe dabbobi, da tone rumbuna, domin a karya talakawan da ke ciyar da mujahidai. Yawan sojan Faransa a ƙasar ya yi ta hauhawa har ya haura 100,000. Tagdamt da Mu'askar suka faɗi a 1841, Tilimsan ta bi baya a 1842. Da Amir ya ga garuruwa sun zama abin hari, sai ya mayar da fadarsa ta zama birnin tantuna mai tafiya, wanda ake kira Zumala, mai ɗauke da dubun dubatar mutane, da alƙalansa da kasuwanninsa da maƙeransa da makarantunsa. Ranar 16 ga Mayu 1843, alhali ba ya nan, mahayan Faransa suka afka wa Zumala a Tagin, suka kama dubban mutane, suka watsa littattafan da ya yi shekaru yana tarawa.

Cikin wannan ƙunci bai saki dokokin Shari'a game da fursunonin yaƙi ba. Ya sanya lada ga wanda ya kawo fursuna da ransa, ya danƙa matan da aka kama a hannun mahaifiyarsa ta kula da su. A 1841 ya yi musayar fursunoni ta hannun babban limamin Kirista na birnin Aljaza'ir, a 1842 kuma da abinci ya yi ƙaranci ya saki wasu ba tare da fansa ba, domin kada su mutu da yunwa a hannunsa.

Bayan faɗuwar Zumala ya koma kan iyakar Maroko. Faransa ta yi wa tashoshin ruwan Maroko luguden wuta, ta kuma fatattaki rundunar Sarkin a yaƙin Isli ranar 14 ga Agusta 1844, aka tilasta masa sa hannu a kan yarjejeniyar da ta haramta wa Amir zama a ƙasarsa. Duk da haka a watan Satumba 1845 Amir ya sake kutsawa Aljeriya, ya murƙushe wata rundunar Faransa a Sidi Ibrahim, ya yi watanni yana yawo da abokan gaba daga yamma zuwa tsakiyar ƙasa. Sai dai ƙabilu sun riga sun jigata, ba su da sauran abin bayarwa.

AJIYE MAKAMI

A ƙarshen shekarar 1847 al'amari ya kai matuƙa. Rundunar Maroko mai yawan gaske ta taso masa ta baya, Faransawa sun tsare hanyoyi ta gaba. Ranar 21 ga Disamba ya tsallakar da iyalai da raunana kogin Muluya, mayaƙansa suna kare su da rayukansu. Shi kansa da 'yan barade kaɗan suna da damar kutsawa su shige Sahara, kuma da ya yi haka da sunansa ya wanzu a matsayin wanda bai taɓa miƙa wuya ba. Amma mata da yara da tsofaffi da masu rauni fa, a hannun wa zai bar su? Ya tara sauran halifofinsa ya shawarce su, ya tuna musu alƙawarin da ke tsakaninsu tun ranar mubaya'a, ya nuna cewa ci gaba da yaƙi ba zai haifar da komai ba sai ƙarin zubar jinin Musulmi, wani ma a hannun Musulmi 'yan'uwansu. Suka miƙa masa al'amarin.

Wannan shi ne hukunci mafi ɗaci da ya yanke, kuma ya yanke shi cikin dare ɗaya. Ya aika wa Janar Lamorisiyar da sharaɗi guda, cewa a kai shi da iyalinsa da wanda ya so bin sa zuwa Iskandariyya ko Akka, wato ƙasar Musulmi. Janar ɗin ya amince a rubuce. Ranar 23 ga Disamba 1847 Amir ya ajiye makami, ɗan sarkin Faransa da ke gwamnan ƙasar a lokacin ya tabbatar da alƙawarin, Amir ya miƙa masa dokinsa.

Faransa ba ta cika alƙawari ba. Jirgin da ya ɗauke su Tulon ya nufa, aka tsare su a can, sa'an nan aka mayar da su Po, daga bisani Ambuwaz. An yi masa tayin zama cikin daula a Faransa idan ya yafe sharaɗinsa, ya ƙi. Sanyi da cuta suka kashe mutum ashirin da biyar daga cikin jama'arsa a Ambuwaz. Shi kuwa ya mayar da gidan tsaron makaranta, yana karantar da tauhidin Sanusi, da Risala, da Sahihul Buhari, da Ashafa, littattafan da har yau ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Sai ranar 16 ga Oktoba 1852 shugaban Faransa Luwi Napoliyon ya je da kansa ya sanar da shi sakinsa. Amir ya yi alƙawarin ba zai koma Aljeriya ba, ba kuma zai sake ɗaga makami a kan Faransa ba, ya kuwa riƙe wannan alƙawari har ƙarshen ransa, ko da yake su sun karya nasu.

FITINAR DIMASHƘU

Ya zauna a garin Bursa na ƙasar Turkiyya daga 1853, har girgizar ƙasa ta rusa garin a 1855, sa'an nan ya koma Dimashƙu, inda ya duƙufa ga karantarwa a babban masallacin Banu Umayya da wasu makarantu. Mutanen Aljeriya da yawa da suka yi hijira suka taru a kusa da shi.

A shekarar 1860 rikici ya ɓarke a tsaunukan Labanan tsakanin Duruzawa da Kiristoci, wutarsa ta fara tunkaro Dimashƙu. Amir ya hango abin da ke tafe. Ya gargaɗi gwamnan birnin Ahmad Basha, ya gana da malamai da manyan gari, ya rubuta wa shugabannin Duruzawa yana jan kunnensu. Da ya ga hukuma ba ta da niyyar yin komai, sai ya shirya mutanensa kimanin dubu, ya tanadar musu makamai. Ranar 9 ga Yuli ɓata-gari suka afka wa unguwar Kiristoci da kisa da ƙone-ƙone da wawashe dukiya, sojan gwamnati suna kallo.

Amir baƙo ne a garin, ba shi da sarauta, kuma mutanen da ake kashewa addininsu ɗaya da waɗanda suka ƙwace ƙasarsa suka tsare shi shekara biyar. Da ya rufe ƙofarsa ya yi shiru ba wanda zai zarge shi. Amma ya san cewa waɗannan mutane suna ƙarƙashin amanar Musulmi, kuma Shari'a ta haramta jininsu da dukiyarsu. Ya fita da kansa tare da 'ya'yansa da mayaƙansa, suna bi lungu-lungu cikin hayaƙi suna kwaso mata da yara da limaman coci da jakadun ƙasashen waje, suna kai su gidansa da gidajen maƙwabtansa. Ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya kawo masa Kirista da ransa yana da ladan kuɗi. Da gidajen suka cika sai aka riƙa raka mutane rukuni-rukuni zuwa babbar ganuwar sojan birnin. Sa'ad da taron masu tarzoma suka yi cincirindo a ƙofarsa suna neman ya miƙo waɗanda ya ɓoye, ya fito ya yi musu wa'azi, ya tuna musu haramcin abin da suke yi. Da suka ƙi ji, sai ya sa aka kawo masa makamansa, ya tabbatar musu cewa shi da mutanensa za su yi yaƙi a kan waɗannan baƙi nasa har sai sun ƙare. Taron ya watse. An kashe dubban mutane a wannan fitina, an kuma tsirar da wasu dubbai ta hannunsa, gwamnan da ya yi sakaci kuwa daga baya hukumar Turkawa ta yanke masa hukuncin kisa.

Lambobin girma da kyaututtuka suka zo masa daga Sarkin Turkawa, da Faransa, da Ingila, da Rasha, da Amurka, da Fafaroma. Imam Shamil, mujahidin ƙasar Dagistan wanda a lokacin yake tsare a hannun Rashawa, ya rubuto masa wasiƙar yabo. Amsar Amir ga masu yabonsa ba ta wuce cewa abin da ya yi wajibi ne na Shari'ar Annabi Muhammadu (S.A.W.) da haƙƙin 'yan'adamtaka ba.

ƘARSHEN RAYUWARSA

A 1863 ya koma Hijaz, ya sadu da Shaihu Muhammadu Fasi na ɗariƙar Shazaliyya ya yi suluki a hannunsa, ya yi halwa a kogon Hira da kuma Madina. Da ya dawo Dimashƙu a 1864 ya ci gaba da majalisinsa na ma'arifa, wanda daga cikinsa aka tattara babban littafinsa Al-Mawaƙif. Ya aika malamai garin Ƙonya domin su gwada kwafin Futuhatul Makkiyya na Shaihul Akbar Muhyiddin Ibnu Arabi da ainihin rubutun hannun mawallafin. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 26 ga Mayu 1883, daidai da 19 ga Rajab 1300 Hijiriyya, aka binne shi kusa da Shaihul Akbar. A 1966, bayan Aljeriya ta sami 'yanci, aka mayar da gawarsa birnin Aljaza'ir.

ABIN LURA GA MURIDAI

Mutum ɗaya ne ya karɓi tuta a 1832, ya ƙulla sulhu a 1837, ya koma fagen fama a 1839, ya ajiye makami a 1847, ya kuma sake ɗaura shi a 1860 domin kare waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Wanda ya dubi zahiri zai ga kamar hukunce-hukuncen suna karo da juna, alhali ma'auninsu ɗaya ne: me Shari'a ta ce, kuma me zai tsare addini da rayukan bayin Allah. Da ya auna abu da wannan ma'auni, ya ji shawarar masana, ba ya sake waiwaye, ko da hukuncin zai taɓa sunansa da darajarsa a idon mutane. Wannan kuwa ba ya samuwa sai ga wanda tarbiyyar ɗariƙa ta riga ta karya masa son zuciya da son a yabe shi.

Saboda haka duk wanda Allah Ya ɗora wa jagoranci, sarki ne ko halifa ko muƙaddami ko mai gida, ya sani cewa jinkirta hukunci bayan gaskiya ta bayyana cin amana ne, kamar yadda gaggawa kafin shawara ganganci ne. Haka kuma idan fitina ta tashi a gari, aka far wa maƙwabci ko baƙo saboda addininsa ko ƙabilarsa, muridin Shaihu Abdulƙadir ya riga ya san inda zai tsaya, domin ɗan'uwansa a ɗariƙa ya tsaya a wurin tun a Dimashƙu.

Allah Ya jiƙan Amir Abdulƙadir, Ya ƙara masa yarda, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba shugabannin Musulmi basira da azama da adalci, Ya zaunar da ƙasashensu lafiya, Ya mayar da mahalarta wannan taro gidajensu cikin aminci, albarkacin Annabi Muhammadu (S.A.W.) da Sidi Abdulƙadir Jilani. Amin.